Ulun merino: yadda ake yanka masa daraja da farashi, da abin da mai sayar da yadi ya kamata ya sani

Duk wanda ya shiga kasuwar Ƙonni ranar Laraba a cikin watan Disamba ko Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, ya san rumfunan da suka fi cika da jama'a. Na masu bosho ne, wato abin da ƴan uwanmu na tsallaken Ilela ke ce wa gwanjo. Da an yanke igiyar dila sai ka ga hannuwa sun yi caa a kan rigunan sanyi, kowa na neman ta ɗansa. Can gefe ga mata masu ƙulle-ƙullen zaren ulu na saƙa hular jarirai da safa, ga kuma masu yadin maza da suke rantsuwa cewa nasu ulu ne tsantsa.

Abin da ya sa na ɗauko wanga zance shi ne waya da wata baiwar Allah ta bugo mani a cikin shirin da nake gabatarwa a rediyo. Ta ce ta saro yadin maza bandir guda daga Kano, an rubuta a gefensa da zare mai ruwan zinariya "Super 200's Merino Wool". Ta sayar wa wani malamin makaranta da tsada, ta kuma ba shi tabbacin ulu ne. Tela na ɗora dutsen guga sai yadin ya yi ƙyalli, ya kama gindin dutsen. Malam ya maido mata kaya, ta maida masa kuɗinsa, ta biya ladan tela, saura kuwa yana nan jibge a ɗaki. Tambayarta ita ce: shin mene ne merino ɗin nan, lambar nan ta 200 kuma me take nufi? Ban iya ba ta amsa nan take ba, sai da na koma na yi bincike.

Merino dai sunan wani irin tumaki ne. Asalinsu ƙasar Sifaniya, inda sarakuna suka daɗe suna hana a fitar da su waje don kada wasu ƙasashe su samu iri. A shekara ta 1797 aka kai na farko Ostiraliya daga kudancin Afirka, kuma a yau Ostiraliya ce kan gaba a duniya wajen ulu mai laushi na ɗinkin tufafi. Ana kiwonsu kuma a Afirka ta Kudu da Niyu Zilan da Ajantina. Yawanci sau ɗaya a shekara ake yi wa tunkiya aski, a samu kamar kilo huɗu zuwa biyar. Tumakinmu na nan, balami da uda da ara-ara, gashi ne da su, ba ulu ba. Allah ya yi su don nama da jure rana. Masu ulu a yankinmu sai ƴan kaɗan da ke bakin kogin Kwara wajen Tilaberi, da na Masina a ƙasar Mali waɗanda masaƙan Fulani ke yin barguna da gashinsu.

To, ta yaya ake sanin wannan ulu ya fi wancan? Abu na farko, wanda ya fi kowane nauyi a kan farashi, shi ne kaurin sili guda. Ana auna shi da wani ma'auni da ake kira mikron. Ɗauki milimita ɗaya a jikin tef ɗin tela, ka raba ta gida dubu, kashi ɗaya shi ne mikron. Gashin kan mutum yakan kai mikron 50 zuwa 100. Ulun merino kuwa galibi bai wuce 24 ba, mai kyau yana tsakanin 17 da 19, na ƙarshen laushi kuma yana sauka ƙasa da 15. A nan lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar daraja. Dalili kuwa a jiki ake jin sa. Sili mai kauri, wanda ya haura mikron 30, ba ya lanƙwashewa idan ya taɓa fata, sai ya soke ta, shi ne ƙaiƙayin nan da ke sa yaro ya tuɓe rigar sanyi ya jefar ko da sanyi na kaɗa shi. Siriri kuwa kwantawa yake yi. Don haka mai kaurin akan yi darduma da bargo da shi, siririn a yi kwat da rigar da ke taɓa fata.

Na biyu tsawo ne. Ulun shekara guda yakan kai santimita bakwai zuwa goma, kuma mai kaɗi ya fi son dogo wanda tsawonsa ya daidaita, kamar yadda iyayenmu mata masu mazari suka san bambancin auduga mai dogon sili da gajera.

Na uku shi ne ƙarfi, kuma a nan ne abin ya ba ni sha'awa, domin duk makiyayi zai gane shi. Idan tunkiya ta shiga yunwa a tsakiyar shekara, ko ta yi ciwo, ko ta sha wahalar shayarwa, silin da ya tsiro a waɗannan makonni sai ya fito a rame. Daga baya ko ta murmure ta yi ƙiba, wurin nan yana nan a tsakiyar silin, da an ja sai ya tsinke. Wato ulu yana riƙe da tarihin rani da damina a jikinsa. Ana da na'ura mai jan tufkar ulun har ta tsinke, ta faɗi ƙarfin da ta sa, ta kuma faɗi inda ya tsinke. Idan a tsakiya ne asarar ta fi yawa, don dogon sili ya koma guntaye biyu ke nan. Shekarar da aka yi fari a Ostiraliya ulu yakan fito siriri, ka ce abin murna ne, amma ba ƙarfi, sai masu saye su rage masa kuɗi.

Sai batun datti. Ulun da aka aske yana ɗauke da maiƙo da gumi da ƙura da ƙayoyi irin ƙarangiyarmu. Mai saye ba ya biyan kuɗin ƙasa. Ana wanke samfur a ga abin da ya rage, a kan wannan ake ciniki. A ce ga dila biyu, kowace kilo 180. Ta farko idan an wanke kashi 70 cikin ɗari ke saura, wato kilo 126. Ta biyu kashi 55, wato kilo 99. A kan sikeli nauyinsu ɗaya, amma akwai tazarar kilo 27 a tsakaninsu. Duk macen da ta taɓa sayen tiyar gero ta sheƙe ta ga tsakuwa da ƙaiƙayi sun cinye kwata, ta san wanga lissafi. Maiƙon ma ba a zubar da shi, shi ne lanolin da ake sakawa a man shafawa. Launi shi ma ana dubawa: fari tas ya fi kuɗi don yana karɓar kowane rini, baƙin sili kaɗan a cikin dila yana iya karya mata daraja.

Yadda suke tsara cinikin ne ya kamata mu tsaya a kai. Tun a rumfar aski akwai mutum mai takardar shaidar sana'a wanda aikinsa rarraba ulu kawai. A shimfiɗa na kowace tunkiya a kan tebur, a cire na gefe da na ciki da wanda fitsari ya ɓata, kowane a ware masa wurinsa, ba a cusa marar kyau a tsakiyar mai kyau. Bayan an ɗaure, sai a soka wani bututu cikin kowace dila a zaro samfur daga cikinta, a kai wa hukumar awo mai suna AWTA, wadda aka kafa a 1957. Ita ce ke ba da takarda mai ɗauke da mikron da tsawo da ƙarfi da yawan datti. Da wannan takarda ake gwanjon ulu a biranen Sidni da Malbon da Firimantil, kuma mafi yawansa masana'antun ƙasar Sin ke kwashewa, Italiya kuma ta ɗauki na ƙarshen laushi. Mai saye ba ya bukatar kwance dila, balle a kai ga rantsuwa. Na tuna buhun albasar Galmi, yadda wasu kan jera manya a baki su ɓoye ƙanana a gindi, har sai ɗan kasuwar Abijan ko Akara ya zazzage ya gani da idonsa. Ba kowa ke yin haka ba, amma ƴan kaɗan ɗin da ke yi sun isa su sa a taya buhun mai gaskiya da arha.

Kada kuma a ɗauka awo yana hana kasuwa faɗuwa. A watan Agusta na 2018 matsakaicin farashin kilo na wankakken ulu a Ostiraliya ya haura dalarsu 21, kusan jika tara na sefa a canjin lokacin. A watan Satumba na 2020, da cutar korona ta rufe shaguna, ya faɗo ƙasa da dala tara, kamar jika uku da rabi. Kafin nan ma, hukumar ulu ta ƙasar ta taɓa tsayar da farashin da ba a sauka ƙasa da shi, tana saye duk abin da kasuwa ta ƙi, har tsarin ya rushe a 1991 da dila fiye da miliyan huɗu da rabi a sito. Sai a 2001 aka gama sayar da su.

Yanzu mu koma kan lambar da ta ruɗi mai bugo mani waya. Asalinta daga garin Biradfod na Ingila ne, inda masu kaɗi ke ƙirga ƙullin zare nawa, kowane mai yadi 560, za a iya fitarwa daga laba ɗaya ta ulu. Siririn ulu ya fi ba da ƙulli da yawa, shi ya sa a nan babbar lamba ce mai daraja. Daga baya ƙungiyar masu sana'ar ulu ta duniya ta ɗaura lambobin a kan mikron. "Super 100" na nufin silin bai wuce mikron 18.75 ba, 120 bai wuce 17.75 ba, 150 bai wuce 16.25 ba, 200 kuwa 13.75. Jadawalin a 250 ya tsaya, kuma kalmar "Super" ta yadin da yake ulu ne zalla ce, ba gauraye ba. Ulu mai mikron 13 ko 14 kaɗan ne ƙwarai ake samu a duniya, manyan kamfanonin ɗinki na Turai ke rububinsa. Mita ɗaya ta yadin kwat tana cin giram 250 zuwa 300 na ulu, ban da kuɗin wanki da kaɗi da saƙa da rini da jirgi da duwan. To, yadin da aka rubuta wa 200 ko 300 ake kuma sayar da shi kuɗin atamfa, ai rubutun ne kawai. Injin da ke saƙa roba ba ya ƙin saƙa kowace lamba a gefe. Yadin roba ba laifi ba ne, yana da masu so, yana jure wanki. Laifin a kira shi da sunan da ba nasa ba.

Ɗan kasuwa ba shi da na'ura, amma yana da ashana. Zaro sili uku ko huɗu daga bakin yadin, na tsaye da na kwance, ka kunna masu wuta. Ulu na gaskiya yana ƙaurin gashi, irin na babbakar kan rago, ba ya son kama wuta, da ka janye ashana sai ya mutu, ya bar baƙin gawayi da ke murjewa a yatsa. Roba narkewa take yi, tana ƙaurin leda, ta bar ɗan dunƙule mai tauri. Auduga tana ci bal-bal da ƙaurin takarda. Idan ka ji ƙaurin gashi amma ga dunƙule, gauraye ne. Ka yi wanga gwaji a gaban mai sari kafin ka ƙirga kuɗi, in ya ƙi yarda ka riga ka samu amsa. Sannan damƙe yadin a hannu ka saki, ulu mai kyau yana warwarewa da kansa. Goga shi kuma a wuya ko cikin hannu, ba a tafi ba, don tafin ɗan kasuwa ya yi kanta. Iyayenmu mata masu zaren saƙa su ma su gwada, za su tarar yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa roba ce da ake kira akirilik.

Abin mamaki, merino na gaskiya ya fi yawa a cikin dilar bosho a kan shagon sabon yadi. Masu bosho su riƙa duba ƴar takardar da ke wuyan riga ko a gefen ciki. Idan an rubuta "laine mérinos" ko "merino wool" da 100%, ko aka ga tambarin Woolmark mai kama da ƙullin zare mai kusurwa uku, wanda aka fito da shi tun 1964, to wannan riga ba ta tulin da ake sayarwa kuɗi ɗaya ba ce. A ware ta a rataye, a faɗa wa mai saye dalili. A kuma gargaɗe shi kada ya wanke ta da ruwan zafi ko ya cuɗa ta da ƙarfi, don rigar babba za ta tsuke ta koma ta yaro, kuma ba ta dawowa.

Mu ma fa muna da namu kayan da duniya ke yanka wa daraja ta wannan hanya. Fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato ita ce ayari ke ɗauka ta hamada zuwa arewacin Afirka, Turawa suka saye ta a can suka raɗa mata sunan fatar Maroko. Har yau mai sayen fata lamba ɗaya da biyu da uku yake warewa, abin da yake dubawa kuwa tsagar wuƙa ce wajen fiɗa, da tabon lalas, da kirci, da ko an shanya ta a ƙasa cikin rana har ta ƙone. Ranar babbar salla fatu nawa ke faɗowa daga lamba ɗaya zuwa uku a hannun mai gaggawar fiɗa, kafin a kai su masallaci sadaka?

Sanyi kan janye a ƙarshen Fabrairu, kuma ba a rasa rigunan da suka yi kwantai. Na roba ko a buhu aka cusa su za su kai baɗi. Na ulu kuwa asu na cin su, musamman masu datti, don haka a wanke su da ruwan sanyi, a shanya a inuwa a kwance, a sa kafur, a ɗaure a leda kafin a ajiye.