Ruwan Madara ko Ruwan Yashi: Zaɓen Fentin Cikin Ɗaki

Tun kafin fentin gwangwani ya iso, magina a Zazzau sun san launin da ke hutar da ido. Farar ƙasa ake shafa wa cikin ɗaki, makuba kuwa, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke ba daɓe launinsa mai duhu. Launukan da ake yayi yau a gidajen siminti na Tudun Wada, tsakanin Birni da Sabon Gari, duk a tsakanin waɗannan biyu suke: ruwan madara, ruwan yashi, da mai sirkin toka.

A katin mai shago sai ka ce ɗaya ne. Bambancin yana cikin sirki: ruwan madara fari ne da aka ɗiga wa rawaya, ruwan yashi yana da ɗan ja, na ukun kuma toka aka rage masa kaifi da ita. Haske ke tona wannan sirkin. Ƙwan lantarki mai jan haske, wanda aka rubuta 2700K a kwalinsa, yana ƙara wa ruwan madara rawaya har ya kusa komawa ruwan ƙwai. Farin ƙwan lantarki mai 6500K kuwa dusashe mai sirkin toka yake yi, ɗaki ya zama ba armashi. Taga ma tana da hannu. Wadda ke kallon yamma tana shigo da jan hasken la'asar, sai ruwan yashi ya ƙara ja. Kuma da yake Zariya na kusan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya, rana kan bi ta arewa daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta, don haka hasken ɗaki yakan sauya da damina.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ba ya raga wa bango. A ganina ruwan yashi ya fi dacewa da falo da ɗakin yara, domin launinsa ya yi kusa da na ƙurar, ba ta nunawa da wuri. Ruwan madara a bar wa ɗaki mai ƙaramar taga, inda ake neman haske.

Mai karatu, ko ɗakin amarya za a gyara ana gaggawa, kada ka yanke shawara a shago. Sa mai fenti ya shafa kowane launi sau biyu a bangon, kusa da labule da tayil, a bari ya bushe, ka duba da hantsi da la'asar da dare. In ka zaɓa, sayi bokitan da za su isa a lokaci guda, domin haɗin wata rana yakan saɓa da na yau.