Ciwon Da Ido Ba Ya Gani: Yadda Masu Fasaha Ke Bayyana Raɗaɗin Sikila

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Lome, ta ratsa Sotouboua da Sokode da Dapaong har iyakar Cinkasse, ya san irin wannan yaro. Jiya yana sauke buhuna, yau hunturu ya busa yana kwance bayan rumfa yana murƙususu. Ba rauni, ba jini. Sai mu ce lalaci ne, wasu su ce iska ce. Alhali kuwa sau da yawa sikila ce, wato amosanin jini.

Ƙwayoyin jinin mai sikila kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, sai ciwo ya taso har cikin ƙashi. Sanyi da ƙishirwa da gajiya ne ke tayar da shi, su ne kuwa abokan tafiyar fatake. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ta yaya zai nuna wa na waje?

A nan ne masu fasaha suka shigo. Donald Rodney, mai zane ɗan Ingila, ya riƙa haɗa hotunan ƙashi na asibiti yana zane a kansu. A 1997 an ɗauki hoton tafin hannunsa riƙe da wani ɗan mitsitsin gida da ya harhaɗa da fatarsa da aka yanke wajen tiyata. Cutar ta yi ajalinsa a 1998. A Nijeriya, Tunde Kelani ya fitar da fim ɗin Dazzling Mirage a 2014, kan budurwa mai sikila da ke fafutikar aiki da aure. A shekarar ce kuma 'yarmu Samira Sanusi, 'yar asalin Funtuwa, ta wallafa littafin S is for Survivor, inda ta ba da labarin jinyar da ta sha, ta kuma kafa gidauniyar taimakon masu cutar. Gani, in ji Hausawa, ya kori ji.

Mu ma muna da namu masu fasahar: masu zanen manyan motoci, da mawaƙan biki, da 'yan wasan kwaikwayo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 19 ga Yuni domin wannan cuta tun 2008. Me zai hana sarakunan zango da shugabannin kasuwa su gayyace su a ranar?

Kafin nan, in yaron shago ya ce ƙashinsa na sara, mu yarda da shi. A ba shi ruwa, a lulluɓe shi, a garzaya asibiti. Sannan a yi gwajin jini kafin a kai kuɗin aure, kamar yadda Jihar Kano ta wajabta a 2024, domin idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.