Kafin ku zuba wa kifi magani, ku fara duba ruwansa

Idan damina ta ja baya, Kogin Haɗeja ya koma makwancinsa, yakan bar kududdufai a fadamun Taura da Ringim cike da 'ya'yan karfasa da tarwada. Da yawa daga cikinku sun san abin da ke biyo baya. A samo tsohon gidan sauro a ja, a kwaso 'yan kifaye, a zuba a robar fenti ko yankakkiyar jarka, a kai gida da niyyar kiwo. Wasu kuma karo-karo suke yi su sayo 'ya'yan tarwada a wurin masu ƙyanƙyasa. Kwana uku na farko sai murna. Ran na biyar a wayi gari biyu sun juya ciki sama. Kafin mako biyu robar ta koma ta wanki.

Mu ma mun ɗanɗana. Wata shekara, a watan Disamba, muka haɗa kuɗi muka sayi 'ya'yan tarwada 40 masu tsawon yatsa, muka zuba su a rabin duro. Da suka daina cin abinci sai wani ya ba mu shawarar mu fasa kafso ja-da-yalo a ruwan. Muka fasa, ruwa ya yi kumfa. Washegari muka ƙara. Shida ne suka tsira. Sai daga baya muka gane cewa yawan abincin da muke watsa musu ne yake ruɓewa a ƙasan duron, ga kuma sanyin dare. Kafso ba ya maganin ko ɗaya daga cikin biyun.

Kifi yana ci, yana kashi, yana numfashi, duk a cikin ruwa guda. A ƙarƙashin marfin da ke gefen kansa akwai jan nama mai kama da matajin kai. Da shi yake zuƙo iskar oksijin daga ruwa, ta nan kuma yake fitar da mafi yawan amoniya, wato gubar da jikinsa ke samarwa bayan ya narkar da abinci. A kogi ruwa ke tafiya da ita. A roba kuwa taruwa take yi, ta ƙona wannan jan nama. Akwai bakteriya masu amfani da ke mayar da amoniya wani sinadari mai suna naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait abin da ba shi da illa sosai, amma sukan ɗauki makonni kafin su yawaita a sabon mazubi. Shi ma naitirait guba ne, yana hana jini ɗaukar oksijin, har jinin kifin ya koma ruwan ƙasa. Shi ya sa makonnin farko suka fi kowane lokaci cin kifi, har a akwatin gilashin nan na kifin ado da kuke gani a ofisoshi da otal-otal na Dutse da Kano.

To, idan kun ga alamar ciwo, ku zauna shiru gefen mazubin na minti biyar. Tambayar farko: duka ne ko ɗaya? Idan duk kifayen sun canja hali a dare guda, ruwa ake zargi. Idan ɗaya ne ya fara, na biyu ya biyo bayan kwana biyu, an fi zaton cuta mai yaɗuwa ce. Karfasa da ta taru a saman ruwa da asuba tana buɗe baki, iska ce ta yi mata kaɗan. Tarwada ta bambanta, domin tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iskar sama, saboda haka leƙowa ta koma al'adarta ce. Abin tsoro shi ne ku gan ta a tsaye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ba ta motsi. Ku sunsuna ruwan. Ku duba ƙasa ko akwai ragowar abinci.

Matakin farko kusan kullum ɗaya ne. A tsayar da abinci kwana ɗaya ko biyu, yunwar kwana biyu ba ta kashe kifi. A zuƙe dattin ƙasa da tiyo, a cire kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a mayar da sabo. Ruwan famfo yana buƙatar ya kwana a buɗe don kulorin ɗinsa ya fita. Na burtsatse yakan fito da ƙarancin iska, sai a kwararo shi daga sama a bar shi ya huta. Sabon ruwan kuma kada ya fi tsohon sanyi ko ɗumi, ku gwada da hannu.

Cutar da ta fi dacewa ku iya ganewa da ido ita ce ta fararen ɗigo. Za ku ga kamar an barbaɗa wa kifin gishiri a jiki da fiffike, yana goga jikinsa a bangon mazubi. Wata ƙwayar halitta ce mai sel ɗaya, girmanta yakan kai milimita 1, wadda wani masani ɗan Faransa mai suna Fouquet ya raɗa wa suna a 1876. Kowane ɗigo ƙwaya ce da ta shige ƙarƙashin fata tana ci. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya. Su kuma su fito suna iyo suna neman kifi, wanda bai samu ba cikin kamar kwana biyu ya mutu. Yayin da take cikin fata, magani ba ya isa gare ta. Sai ta fito ake samun ta. Don haka ranar da ɗigon ya ɓace daga jikin kifi, ba warkewa ya yi ba, abokan gaba ne suka sauka ƙasa suna hayayyafa. A ruwa mai ɗumi zagayen nan yakan kammala cikin mako guda ko ƙasa da haka, a ruwan sanyi kuwa ya ja makonni.

Nan ne hunturu yake shigowa. Tarwada da karfasa sun fi jin daɗi a ruwan da ɗuminsa yake tsakanin digiri 26 zuwa 30, alhali a wasu dararen Disamba da Janairu sanyin Jigawa yakan sauka ƙasa da 15. Ƙaramar roba tana hucewa da wuri. Kifin da sanyi ya kassara shi ne fararen ɗigo ke kamawa, shi ne kuma wani fumfuna mai kama da auduga ke tsirowa a kan raunukansa. A shigar da mazubin ɗaki da dare, a ɗora shi a kan katako, a naɗe gefensa da buhu, a rufe sama amma a bar wa iska hanya.

Maganin da ke kusa da ku gishiri ne, na girki, wanda ba a gauraya da komai ba. Giram 2 a kowace lita, wato kamar cokalin cin abinci uku a shafe ga jarka mai cin lita 25. A narkar da shi a kofi, a zuba kaɗan-kaɗan cikin yini guda. A ci gaba har mako biyu ko da ɗigon ya ɓace. Gishiri ba ya bin tururi, saboda haka idan kun cire ruwa lita 10, gishirin lita 10 kawai za ku mayar. Yana kuma rage illar naitirait. Kifin ado kala-kala ne, wasu ba sa jure gishiri, sai ku tambayi mai sayarwa irin da ya ba ku.

Kafso kuwa a bar shi. Yana kashe bakteriyan nan masu tsabtace ruwa, kuma zuba shi barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, har ranar da mutum zai buƙace shi ya ƙi aiki. Haka koren maganin kifin ado da ake kira malakait, an hana amfani da shi a kan kifin ci a Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai, kada ya kusanci tarwadar da za ta shiga tukunya. Idan kun ga gyambo a jiki, ko ciki ya kumbura, ko gashin baki yana cinyewa, kuma gyaran ruwa bai hana mutuwa ba, ku ware marasa lafiyar a wata roba, ku ɗauki hoto, ku nuna wa malamin aikin gona ko likitan dabbobi. Jami'ar Tarayya ta Dutse tana da sashen nazarin kiwon kifi, ga mai sha'awar zurfafawa.

Sabon kifi ya yi aƙalla mako biyu a robarsa shi kaɗai kafin ya haɗu da tsofaffi, musamman wanda aka kamo a kududdufi. Wanda ya mutu a binne shi, kada a jefa a kogi. Ku ma ku kula da kanku: ruwan fadama da ke kwance yana ɗauke da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, don haka ku rage tsayuwa a ciki, kuma ku wanke hannu da sabulu bayan kun gama da kifi. Kafin ku taɓa ruwansu kuma ku ɗauraye hannun sosai, domin sabulu guba ne a gare su.