Kujerar Keken Guragu Mai Motsi Da Jiki: Yadda Take Aiki

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya mu duba wata fasaha da ke sauƙaƙa rayuwar masu buƙata ta musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 80 ne ke buƙatar keken guragu, kuma ba kowane keke ne ya dace da kowane jiki ba.

Ina matsalar take?

Akwai waɗanda jikinsu ke sandarewa ba da son ransu ba, musamman yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni tun suna jarirai. A ƙasar Hausa, shawarar jarirai da ba a yi maganinta da wuri ba tana cikin abubuwan da ke jawo haka. Idan sandarewar ta zo, yaro zai tura bayansa da ƙafafunsa da ƙarfin gaske. Kujerar da ba ta motsi ba ta da inda za ta kai wannan ƙarfin, sai ya koma jikin yaron: ƙugu ya zame gaba, fata ta goge har ta yi gyambo, wani lokacin ma ƙarfen keken ya karye.

Yadda sabuwar kujerar ke aiki

Ka tuna da shok ɗin babur. Idan ka faɗa rami, shi ne yake shanye dukan, sannan ya dawo yadda yake. Haka wannan kujera take. Ana sanya sifirin ko roba mai tauri a majinginin baya, da matakin ƙafa, da matashin kai. Mutum ya tura, sashen ya bi shi a hankali. Jiki ya saki, ya dawo da shi daidai. Ana canza robar gwargwadon ƙarfin mai zama. Kamfanin Seating Dynamics na Amurka yana cikin masu ƙera irin waɗannan sassa, waɗanda ake ɗaurawa a kan keken da mutum yake da shi.

Kada a haɗa ta da kujerar da ake kishingiɗar da ita da maɓalli. Waccan umarni take jira, wannan kuwa motsin jiki take bi. Amma a can ne waya ta shigo: kamfanin Permobil na Suwidin yana da manhajar da ke haɗuwa da kekensa na lantarki, tana tuna wa mai shi lokacin sauya zama domin rage matsi a fata.

Shawara

Idan kuna da irin wannan yaro a gida, kada a je wurin mai walda a ce ya ƙara sifirin da ka. In ya yi laushi, yaro zai rasa madogara. In ya yi tauri, an koma gidan jiya. A fara ganin likitan gashin ƙashi ya auna jikinsa tukuna. Ku tura wa duk wanda kuka san zai amfana.