RIGAR RUWA DA ZUFAR DAMINA

Malaman makaranta da akawuna masu zuwa aiki a kan keke cikin ruwan Agusta sun san wannan al'amari: mutum ya isa ofis, ya tuɓe rigar ruwa, ya tarar taguwarsa sharkaf, takardun aljihunsa sun jiƙe. Sai ya ce rigar yoyo ta ke yi, ya koma kanti ya sake ɓarnar kuɗi. Alhali sau da yawa ba ruwan sama ba ne, zufarsa ce ta rasa hanyar fita.

Wannan matsala tsohuwa ce. A shekarar 1823 Charles Macintosh, masanin haɗa magunguna na birnin Gilasgo, ya sami izinin mallakar dabararsa ta sanya roba tsakanin ƙyalle biyu. Rigarsa ta tare ruwa sarai, amma ta tare zufa kuma. A 1879 Thomas Burberry ya fito da yadin gabadin mai matsattsiyar saƙa, wanda iska ke ratsawa. A 1969 kuwa Bob Gore na Amurka ya gano yadda za a miƙe wata irin roba ta zama fata mai ƙananan ƙofofi, ɗigon ruwa ba ya shiga, amma tururin zufa yana fita. Ita ce Gore-Tex.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya lura. Tururi ba ya fita sai in iskar waje ta fi ta cikin riga bushewa. Shi ya sa wanki ke bushewa nan da nan lokacin hunturu, da damina kuwa ya yini a kan igiya. In iska ta ƙoshi da danshi, ga kuma zafi, kome tsadar yadi ba shi da inda zai kai tururin. Mai aikin ƙarfi cikin zafi kuwa ya kan zubar da zufa lita guda cikin awa ɗaya.

Saboda haka maganin yana ga ɗinki. A nemi riga mai yalwa, mai zif a ƙarƙashin hammata, da tsaga a baya wadda aka rufa da leɓe, da hannun da a ke iya sassautawa. Iskar da ke shiga ta fita ita ke kwashe zafi. A ƙarƙashinta a sa tufa marar nauyi. A riƙa wanke ta bisa umurnin masu yinta, gama dauɗa da maiƙon jiki suna toshe ƙofofin.

In ruwa ya tsagaita a buɗe gaba, a rage sauri. Mai tafiya a ƙasa kuwa, in babu iska mai ƙarfi, laima ta fiye masa. Takardun ofis da littattafan yara a naɗe su daban cikin leda, kada a amince wa aljihu.