Amurka: Ga Likitoci, Ga Magani, Amma Wa Zai Biya?

A wajen mutanenmu, idan aka ce wane an fita da shi Amurka neman magani, to an kai ƙarshen ƙoƙarin ɗan'adam, sauran sai addu'a. Kuma da gaskiyarsu ta wani ɓangaren, domin asibitoci irin su Mayo da Johns Hopkins ba su da na biyu wajen ƙwarewa da kayan aiki. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, Ba'amurke da ke zaune a gari ɗaya da irin waɗannan asibitoci yana iya kwana da ciwon ƙirji yana lissafi a zuci, ko ya kira motar asibiti ko ya daure zuwa safiya, don ya san kiran nan kaɗai na iya cinye masa fiye da dala dubu.

Kuɗi dai ana kashe su. A 2023 Amurka ta kashe kusan dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, wato fiye da kashi 17 cikin 100 na duk abin da tattalin arzikinta ya samar, sama da dala 14,000 a kan kowane mutum guda. Babu ƙasar da ta kama ƙafarta. Duk da haka, matsakaicin tsawon ran Ba'amurke a shekarar bai wuce shekara 78 da 'yan watanni ba, alhali ɗan Japan, da ƙasarsa ba ta kashe rabin haka a kansa ba, yana kaiwa wajen 84. Kuma a shekarar, kimanin mutum miliyan 26 ba su da inshorar lafiya ko kaɗan.

Tushen tsarin ya samo asali ne daga Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 gwamnati ta hana kamfanoni ƙara albashi don kada farashi ya tashi, ga shi kuma ma'aikata sun yi ƙaranci saboda samari na fagen fama. Sai kamfanoni suka koma jawo ma'aikata da alƙawarin biya musu kuɗin asibiti, gwamnati kuma ta yafe haraji a kan wannan kuɗi, ta tabbatar da hakan a dokar haraji ta 1954. Dabarar wucin gadi ta zama ginshiƙi. Har yau kusan rabin Amurkawa ta wajen aikinsu suke samun inshora, ranar da aka sallami mutum kuwa, albashi da asibitin iyalinsa tare suke tafiya. Na san masu jure wulakancin ubangida shekara da shekaru don kawai suna da yaro mai ciwon asma.

Mai inshorar ma bai tsira ba. A 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali ta wajen aiki ya haura dala 25,000 a shekara, ana yanke fiye da 6,000 daga albashin ma'aikaci. Bayan wannan, akwai wani adadi da sai mutum ya biya daga aljihunsa kafin kamfani ya fara sa hannu, sau da yawa dubban daloli. Akwai kuma asibitoci da likitocin da kamfaninka ya yarda da su, in ka kuskure ka faɗa hannun wanda ba ya cikinsu, kai ka jiyo. Wani aikin ma, ko likita ya ce a yi, sai an nemi izinin kamfani tukuna.

Na taɓa zama a falon wani ɗan'uwanmu da ke tuƙin tasi a Bronx, cikin birnin New York, bayan an yi wa matarsa aikin gaggawa. Ya baje takardu a kan tebur, ya danne su da kofin shayi. Ta asibiti daban, ta likitan da ya yi aikin daban, ta mai allurar barci daban, ta ɗakin gwajin jini daban, kowace da nata adadi da nata wa'adi. Waya na kunnensa, ana sa masa kiɗa yana jiran wanda zai yi masa bayanin abin da ya sa aka ƙi biyan wani sashe. Ya dube ni ya ce, "Yaya, wallahi ciwon bai firgita ni kamar wasiƙun nan ba." Matar na ɗaki tana jinya, shi yana nan yana ciniki da mutanen da ba su taɓa ganin fuskarta ba. Irinsa ba su ƙirguwa: wani bincike na 2022 ya nuna kimanin mutum miliyan 100 a ƙasar na ɗauke da bashin da ya shafi jinya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar insulin, allurar masu ciwon suga. Masanan Kanada da suka gano shi sun sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakarsa a 1923 kan dala ɗai-ɗai, don ya isa ga kowa. Bayan kusan shekara ɗari, kwalba ɗaya ta doshi dala 300 a Amurka. A 2017 wani saurayi a jihar Minnesota ya cika shekara 26, shekarun da doka ke cire ɗa daga inshorar iyayensa, ya shiga tsimin allurarsa don ta kai shi ranar albashi, aka tsinci gawarsa a gida. Sai a 2022 aka yi dokar tarayya da ta ƙayyade dala 35 a wata, ita ma ga tsofaffin da ke ƙarƙashin shirin gwamnati.

An sha yunƙurin gyara. Shugaba Harry Truman ya nemi inshora ta ƙasa baki ɗaya a 1945, ƙungiyar likitocin Amurka ta zuba kuɗi tana yayata cewa gurguzu ne, maganar ta mutu. A 1965 Lyndon Johnson ya kafa Medicare na masu shekara 65 zuwa sama da Medicaid na talakawa, ya miƙa wa tsoho Truman kati na farko. Bill Clinton ya gwada a 1993 ya sha ƙasa. Dokar Barack Obama ta 2010 ta hana kamfanoni korar mutum don yana da tsohon ciwo, ta kuma rage marasa inshora da kusan rabi, amma Kotun Ƙoli ta bar wa jihohi zaɓin faɗaɗa Medicaid, manya irin su Texas da Florida suka ƙi.

Fushin jama'a ya fito fili a Disambar 2024, lokacin da aka harbe shugaban kamfanin inshora na UnitedHealthcare, Brian Thompson, a kan titi a New York. Kisan kai ne, babu abin da zai wanke shi. Amma abin da ya girgiza mutane shi ne yadda dubbai suka cika intanet da labaran yadda aka ƙi biya wa iyayensu da 'ya'yansu magani, maimakon ta'aziyya.

To me ya hana a yi irin na Ingila, da ta kafa tsarin jinya kyauta tun 1948, ko na maƙwabciyarsu Kanada? Sanata Bernie Sanders ya daɗe yana kiran a faɗaɗa Medicare ya game kowa. Masu adawa suna cewa haraji zai tashi, za a riƙa dogon layi kafin a ga likita kamar yadda ake kuka da shi a ƙasashen biyu, kuma ribar da ake samu ita ke jawo sababbin magunguna. Maganar layi gaskiya ce, ban raina ta ba. Akwai kuma wani abin da ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta sha nunawa: yawancin Amurkawa suna kushe tsarin ƙasar, amma suna yaba inshorar da ke hannunsu, suna tsoron sakin reshe su kama ganye. Da wannan tsoro kamfanonin inshora da na magunguna ke cin kasuwa a majalisa.

Ni dai ina tare da masu cewa a game kowa. Harajin da ake tsoro, ai ana biyan sa yanzu da wani suna, ana yanka daga albashi ana miƙa wa kamfani, wani kaso mai tsoka ya tafi wajen ma'aikatan da aikinsu tace takardu da ƙin biya. Kuma ba dole sai gwamnati ta riƙe komai ba: Jamus tana da asusun jinya masu yawa tun 1883, doka ce kawai ta ce ba a barin kowa a waje. Wanda ke layi a Toronto ya san za a zo kansa. Wanda ba shi da inshora a Texas ko layin bai shiga ba, sai ciwo ya ci ƙarfinsa a kwashe shi zuwa sashen gaggawa, inda dokar 1986 ta tilasta a duba shi, takardar kuɗi ta biyo shi gida.

Don haka duk mai ɗa ko ƙani da ke shirin tafiya Amurka karatu ko aiki, kafin ku tambaye shi nawa za a riƙa biyansa, ku tambaye shi wace inshora aka yi masa, me ta ɗauke, me ta bar masa, kuma kada ya hau jirgi sai ya ga amsar a rubuce.