Gyaran Kududdufin Kifi

Kududdufin kifi na cikin lambu yana bukatar kulawa kamar garken dabbobi. In aka yi sakaci da shi, ganyaye sukan faɗa ciki su ruɓe, laka ta taru, gansakuka ta rufe ruwa. Ruɓaɓɓen abu kuwa yana cinye iskar da kifi ke shaƙa. Shi ya sa akan ga karfasa sun taso sama da asuba suna buɗe baki. In ba a hanzarta ba, sai su mutu.

Mai gyara yakan fara ɗibar ruwan kududdufin a baho, ya sa kifayen ciki, ya ajiye a inuwa. Sa'an nan ya kwashe laka, ya kai wa shuka, gama taki ce. In ya gama, sai ya mai da kifayen tare da ruwansu.

Saura zaɓen mataci. Soso yana tare dattin da ido ke gani. Amma akwai wani dafi mai fita daga jikin kifi, wanda ba ya ganuwa. Ba mai karya shi sai waɗansu ƙananan halittu da ke manne wa tsakuwa. Saboda haka mataci nagari shi ne mai soso da tsakuwa duka, da ɗan inji mai tura ruwa ta cikinsu dare da rana.

Halittun nan sukan yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Kafin nan sai a rage wa kifi abinci. Kuma ba a wanke tsakuwar da sabulu ko ruwan famfo, don kada su mutu. Ruwan kududdufin ya isa.